Irin Nonon Goggo Dije

Duk wanda ya san Goggo Dije, ƙanwar babanmu, ya san 'yar ƙwaryar nan tata mai ɗaure da shuɗin tsumma. Ko biki za ta, tana hannunta. Irin nono ne a ciki, wato ɗan kindirmon jiya da ake ɗigawa a madarar yau don ta kama. Kowace mace a rugarmu ta bayan Tudun Wada tana da nata, in ya ƙare ta ɗebo a maƙwabta. Ban da Goggo. Nata wai tun na kakarta ne, bai taɓa yankewa ba, kuma ranar da ya yanke ta bar taɓa madara ke nan har abada.

To, ki kuskura ki ce, "Goggo, ɗan sam mini iri."

"Iri? Yarinya, roƙi saniya in duba miki."

Kullum da hantsi, in an saki maruƙa sun ɗan tsotsa an gama tatsa, sai ta dafa madararta, ta juya mana baya, sannan ta kwance tsumman. Kai ka ce zinariya take dubawa!

Wani rani da ciyawa ta ƙare, Baba ya shirya kora shanu can wajen Doguwa. Goggo ta riƙe igiyar saniyarta Wule ƙam.

"Dije, me za ta ci a nan?" in ji Baba.

"Abin da na ci, Yaya. In duk suka tafi, da me zan raya irina, da ruwan rijiya?"

Harawa ta ƙare, dusa ta ƙare. Da shanu suka dawo farkon damina, Baba ya tarar da rabin ɗakin Goggo a buɗe, sama kawai ake gani. Wule ta cinye jinkar. Ya riƙe baki, ita ko a jikinta.

"Ni na riƙa zare mata. Jinka ana yin sabuwa. Iri fa, a wace kasuwa ka gan shi?"

Ko da aka kwantar da ita a asibiti kan ciwon ƙafa, ƙwaryar na ƙarƙashin gado, madara na zuwa a kan achaɓa kowace safiya. Malamar asibiti ta yi faɗa har ta gaji, ƙarshe ta ɗanɗana, ta lashe ludayi, ta ce a ɗan ɗiba mata irin.

"Ke kin ba ni allurarki in tafi da ita gida?" in ji Goggo.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba sai yau. Ranar da za a kai ni ɗakin mijina a Kiru, Goggo ta ja ni bayan ɗaki, ta danƙa mini ɗan gora da irin a ciki. "Ke kaɗai na ba, mai hannun ɓari. In kika faɗa wa wani, ban yafe ba." Wallahi ko wata bai yi ba na yi sakaci ya lalace. Shekara da shekaru in ta tambaye ni, sai in ce yana nan lafiya, kunya kamar in nutse.

Bara Allah Ya karɓi abarsa. Ana cikin zaman makoki, wata baƙuwa mai son aiki ta tattara ƙoren gidan kaf ta wanke, har da ta shuɗin tsumman. Da na gan ta a kife tana shan rana, sai na zauna a ƙasa. Na fashe da kuka, na ce na Goggo ya tafi, wanda ta ba ni a ɓoye kuma na kashe shi tuntuni.

Sai Hajo, 'yar kawunmu da ke aure a Yako, ta ce, "Tsaya. Ta ba ki? Ai ni kaɗai ta ba!"

"Ƙarya ne," in ji wata daga Bebeji. "Ni ce. Har rantsar da ni ta yi."

Ashe duk amaryar da ta fita daga rugar nan sai da Goggo ta ja ta bayan ɗaki. Ga hawaye ga dariya, har maza suka leƙo su ga ko lafiya.

Washegari Hajo ta hau achaɓa ta kawo nata. Ni aka sa na ɗiga shi a ƙwaryar Goggo, na ɗaure tsumman. Ya kama.

Goggo, wannan karon yana nan lafiya, da gaske nake. Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya makwancinki, Ya shayar da ke madarar Aljanna.