Ɗan Yayata da Gurbi na Goma Sha Biyu

Ladan bai kira assalatu ba muka bar gida, ni da maƙwabcina, wani malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda muka shekara muna shirin zuwa Umra tare. A filin jirgin Kano muka yi sallar asuba. Ku da kuke bibiyata kun san ba na son kaya a tafiya, amma wannan karon jakata ta yi nauyi da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yajin da matata ta daka wa Yayata. Yaya ce ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ina aji uku a sakandare aure ya kai ta Makka, kuma shekara tara rabona da ita ido da ido.

Tun a Kano muka ɗaura harami, don Malam ya ce shi ba zai iya kokawa da zane a banɗakin jirgi ba. Sanyin jirgin kuwa bai raga mana ba, haka muka yi ta talbiyya haƙora na haɗuwa. A Jidda direbobi suka yi mana caa, wani ya ce riyal ɗari biyu, wani ɗari da hamsin. Malam ya ɗauko Larabcinsa na littafi ya shiga ciniki da wasali cikakke, direban ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce da Hausa, "Baba, ku shigo kawai, ɗari da ashirin." Ashe iyayensa mutanen Damagaram ne. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce tsakanin baƙaƙen duwatsu, babu rami ko ɗaya, abin da ya sa Malam ya yi barci tun kafin mu bar gari.

Ba zan iya kwatanta muku ganin Ka'aba ba. Na yi kuka, ban kuma ji kunyar yin sa ba. Muka yi ɗawafi, muka yi Safa da Marwa, aka yi mana aski a wani shago kan riyal goma, sannan Malam ya wuce masauki ni kuma na nufi Tandabawi, tsohuwar unguwar da Yaya take zaune.

Unguwa ce ta hawa da gangara, lunguna ƙanana, motoci a manne da bango. Kana tafe za ka ji an fara zance da Larabci an ƙarasa da Hausa. Da safe wake ne da burodin tanderu, riyal biyar ka ƙoshi har azahar, da yamma kuma ga masu tsire a bakin titi, ƙuli da yaji kamar a Fagge. Yaya ta tsufa fiye da yadda waya take nuna min. Ta riƙe kaina da hannu biyu ta ce, "Auta, furfura ce wannan?" Ranar tuwon shinkafa ta yi min da kukar da na kawo, na ci har na kasa miƙewa.

A nan ne ɗanta Yasir ya shigo, dogon saurayi ɗan shekara ashirin da shida, haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya kira ni kawu da Larabci ya ce, "Ya khali, 'yan ƙungiyarmu suna jiranka, wallahi tun da suka ji za ka zo."

Sai in yi muku bayani. Na yi shekara takwas a Amurka ina karatu ina aikin ɗaukar kaya, a can na kamu da son ƙwallonsu, wadda ake jefawa da hannu, har na yi shekara biyu ina taya wani koci horar da 'yan unguwa. Ashe su Yasir ma sun kafa ƙungiya a Makka, ta irin wadda ba a kayar da mutum, sai dai a fizge ƙyallen da ke ƙugunsa. Za su je gasa a Jidda, mutum goma sha biyu aka yarda su rubuta, sun cike sha ɗaya. Gurbin da ya rage na mai cafe ƙwallo ne, wato wanda zai ruga ya kuɓuce wa mai tsaronsa a jefa masa ya cafe. Mutum biyu ke nemansa: Yasir, da wani Adamu, wanda iyayensa suka zo ta Chadi da Sudan, yana sana'ar tura tsofaffi a keken guragu a Harami, lokacin Hajji kuma dako a Mina. Musu ya raba ƙungiyar biyu, shi ne suka yanke a bar wa baƙo hukunci.

Washegari bayan la'asar aka kai ni wurin zamansu, benci biyu da buta ta shayi a ƙofar wani shago. Malam ya biyo ni don kallo. Da aka miƙa masa ƙwallon ya juya ta ya ce wannan ai gwanda ce aka ɗinke, wa ya cuce ku.

Kyaftin ɗinsu, Bandar, wanda shi ne mai jifa kuma abokin Yasir tun ƙuruciya, shi ya buɗe musun. Ya ce lissafi ba ya ƙarya: a wasanni shida Yasir ya cafe ashirin da uku, Adamu bakwai, khalas. Wani mai gemu ya ce a ƙirga waɗanda suka suɓuce ma, in dai ƙirgar ake so. Wani ya ce gudu shi ne komai, hannu ana koya wa mutum amma ƙafa daga Allah take. Wani ya ce ko manyan ƙungiyoyin Amurka sun sha ɗaukar mai gudu su yi nadama, nan take aka bar su Yasir aka koma kan 'yan wasan talabijin, wane ya fi wane, wace ƙungiya ta yi wauta da ta sallami tsohon ɗan wasanta. Na ji daɗin musun ƙwarai, don na daɗe ban samu masu yin sa da ni ba. Adamu kuwa yana gefe da kofin shayinsa, gajere kakkaura.

Na tambayi mai gemun, wanda na lura shi ke jan ɓangaren Adamu, yadda aka yi suka yarda kawun Yasir ya zama alƙali. Ya ce, "Mun tattauna, ya ammi. Mutumin da bai kwana biyu da sauke harami ba, ba zai zo ya yi son kai a garin nan ba." Maganar ta zauna min a ƙirji, shayin ma ban ƙarasa shi ba.

Suka nuna min bidiyon wasanninsu a waya. Yasir ko'ina, yana gudu, yana tsalle, ana ihu. Amma mai ɗaukar hoton ƙwallo yake bi, inda ta je nan wayar take zuwa, wanda ba a jefa wa ba ko inuwarsa ba ka gani. Na ce ba zan yanke hukunci da wannan ba, a kai ni fili in gani da idona.

Kafin ranar, Yaya ta same ni a falo bayan azahar. Ta ce, "Auta, ni ban san wasan nan ba, ban kuma damu in sani ba. Abin da na sani, yaron nan ya gama karatu ya shekara biyu a ɗaki, ba shugul, wato ba aiki, ba fita, magana ma sai na roƙa. Wannan ƙwallon ce ta fito min da shi. Ka duba min." Tun da nake Yaya ba ta taɓa roƙona komai ba sai ranar. Na ce mata in sha Allahu zan duba da kyau, ta fahimci abin da take so ta fahimta, ni kuma na bar ta a haka don tsoro.

Filin yana can hanyar Arfa, ciyawar roba ce a cikin shingen waya, ana kama shi da awa. Muka je da yamma rana ta yi sanyi. Na zaro tikitin jirgina na juya bayansa, na ja layi a tsakiya, na ƙudura a raina ba zan kalli ƙwallo ba ko sau ɗaya, mutum biyun nan kawai zan kalla. Duk wanda ya kuɓuce wa mai tsaronsa ya tsaya a sarari, ko an jefa masa ko ba a jefa ba, sai in ja sanda ɗaya a ɓangarensa na takardar.

Kafin rabin awa ɓangaren Adamu ya cika. Ba shi da gudu, amma yana ganin gurbi kafin ya buɗe, ya yi taku uku ya karya kwana, sai ka gan shi shi kaɗai yana ɗaga hannu. Na gane daga ina ya samo wannan, mutumin da yake ratsa dubban mutane da tsohuwa a keke kullum ba tare da ya taka kowa ba. Bandar kuwa da ya karɓi ƙwallo idonsa na wajen abokinsa. Ba mugunta ba ce, sabo ne, tun suna yara shi yake jefa wa.

Na tsayar da wasa na ce a jefa wa kowannensu goma, hanya iri ɗaya, mai tsaro ɗaya. Adamu ya cafe tara, dukkansu da tafin hannu, ƙwallon na isowa ta lafe. Yasir ya cafe shida, da ƙirji yake tarbar ta, in mai tsaro ya matso sai ta yi tsalle ta faɗi. Amma a jifa na ƙarshe ya ruga ya bar mai tsaronsa da nisa, ya miƙe a iska ya cafko wata da na tabbata ta wuce shi. Filin ya ɗauki ihu, har Malam ya miƙe tsaye. Yasir ya juyo yana dariya yana nemana da ido. Wallahi a wannan lokacin na so in yaga takardar, na kuma fara tsara wa kaina hujja, cewa gudu irin wannan ba a samunsa a kasuwa. Hujjar ba ƙarya ba ce, sai dai na san ba don ita nake so in zaɓe shi ba.

Na ce su ba ni zuwa gobe. A hanyar komawa na ce wa Yasir ya tsaya mu sha lemo, mu biyu kawai, don ban yarda ya ji a gaban mutane ba. Na nuna masa tikitin, na faɗa masa Adamu zan ba, na kuma faɗa masa dalili ɗaya bayan ɗaya. Na ce gudunsa ya fi na kowa a filin, hannunsa ne bai nuna ba, kuma wata uku na aiki zai gyara shi. Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce, "Tayyib, ya khali," ya tada mota.

Yaya ta ji kafin in faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kawo min abinci ta ajiye, ta ce, "Na ce ka duba min, ka duba." Na ce, "Yaya, da na sa shi, duk ƙungiyar za su san dalili, shi ma zai sani." Ta ce, "Ni uwa ce, Auta, ba alƙali ba," ta shige ɗaki.

Da na sanar a wurin zamansu, Bandar ya sunkuyar da kai, na kuma gaya masa a gaban kowa ya koyi duba ɓangare biyu kafin ya saki ƙwallo. Adamu ya kama hannuna da hannu biyu ya yi godiya a taƙaice, ya ce zai koma Harami, akwai tsohon da ke jiransa. Yasir bai zo ba. Kwana ukun da suka rage min na yi su tsakanin masallaci da kasuwa, na sayi dabino da turare, na yi wa yaron addu'a a kowane ɗawafi fiye da yadda na yi wa 'ya'yana. Ranar tafiya Yaya ta cika min jaka da tsaraba, ta rako ni har bakin mota, ta ce in gaida gida. Ɗakin Yasir a rufe yake.

Mun sauka Kano da hantsi lafiya, Malam yana ba duk wanda ya zo taryarmu labarin gwandar da ake jifa a Makka. Ni abin da na dawo da shi daban ne. Na koyi cewa in kana son sanin ƙimar mutum, kada ka tsaya kan sau nawa aka ba shi, ka duba sau nawa ya cancanta aka wuce shi. Na kuma koyi cewa yin adalci a kan bare ba wuya, na gida ne yake da ciwo, kuma ciwon ba ya tafiya don kawai ka san ka yi daidai. Har yau in na tuna dariyar da Yasir ya juyo yana yi min a filin nan sai raina ya ɓaci.

Yaya tana ɗaukar wayata, muna gaisawa, ba ta ambatarsa ni ma ba na ambata. Amma duk Juma'a ina fita bayan gida in sa matata ta riƙe waya, in ɗauki bidiyon darasi ɗaya na yadda ake buɗe yatsu a tarbi ƙwallo, in tura wa Yasir. Juma'a huɗu ke nan. Yana buɗewa, ina ganin alamar, bai taɓa amsawa ba. Na wannan makon ma na riga na ɗauka.