Baƙon da Na Ɓoye a Yangoji

Shekarar da sojojin gurguzu na Koriya ta Arewa suka mamaye Kudu suka mai da ƙasar ɗaya, ina da shago a Apo, cikin Abuja, a layin masu sayar da kayan motocin Koriya. Abin da ya fara damunmu shi ne fitila da takalmin burki, ko za su ci gaba da zuwa. A talabijin muka ga tsofaffi suna rungume juna suna kuka, 'yan'uwan da iyaka ta raba tun suna yara. Maƙwabtana suka yi ta alhamdulillahi. Ni kuwa na koma kan lissafin shagona. Tun ina yaro a Zariya uwata take cewa ko ruwa aka miƙo min sai na shinshina, kuma ban yarda haɗin da aka yi da tankar yaƙi zai tsaya a runguma ba.

Akwai wani ɗan Koriya, mutumin Kudu, da ya daɗe yana sayayya a wurina. Aikin injiniya ya kawo shi Abuja, kamfanin ya tattara ya tafi, shi ya zauna yana gyaran manyan janareto. Hausarsa irin ta gari ce, mace da namiji duk ɗaya. Barkono kuwa sai dai a ɓoye masa. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana can gida tana koyarwa.

Ba a jima ba sabuwar gwamnati ta ce duk ɗan ƙasa da ke waje ya je ofishin jakadanci a sabunta masa fasfo. Abokansa biyu suka je, aka ba su tikitin komawa gida, daga nan wayarsu ba ta sake shiga ba. Shi kuma ya taɓa zama hafsa a sojan Kudu yana saurayi. Wata rana bayan azahar ya zo ya zauna a bencina, bai tambayi kaya ba.

"Alhaji, mutum biyu ta zo gidana," ya ce. "Suna da ƙaramin bajin sabuwar gwamnati a nan." Ya taɓa ƙirjinsa. "Sun san sunan 'yata. Sun san shagonka ma."

"Shagona? Wa ya gaya musu?"

"I don't know. Wani lauya tana yi min takarda in zauna Najeriya. Wata ɗaya, wata biyu. Ina so wuri da babu wanda ya sani."

Tun kafin ya rufe baki na fara duba layinmu da wani ido. Ga mai faci da ya cika tambayar da ba ta shafe shi ba. Ga maƙwabcina Bakatsine, wanda sababbin katan-katan suke sauka a shagonsa alhali mu duk mun bushe. Ga ƙanin matata mai tuƙa tasi, da bakinsa ba ya riƙe ko gishiri. Cikin su wani ne, na gaya wa kaina, kuma zan gano shi.

Na kai shi Yangoji, wajen Kwali, gidan wani dattijon manomi da nake sayen doya wurinsa duk shekara. Baba mutumin coci ne, mai fara'a, Hausarsa shi ma ta gari ce, yana da ɗaki a bayan rumbu da babu kowa ciki. A hanya na yi ta juya maganar a raina, in gaya masa gaskiya ko kuwa. Sai na tuna yawan 'ya'yansa da surukansa, da yadda yake son hira a gindin mangwaro. Baki shi ke yanka wuya. Da muka isa na ce masa, "Baba, abokina ne, ba shi da lafiya. Likita ya ce kewar gida ce ta taɓa masa zuciya, ya samu wuri shiru ya huta."

Baba ya dube shi da tausayi. "Ayya. Ba shi da kowa a nan?"

"Ba shi da kowa."

"To yanzu yana da ni," in ji Baba, ya karɓi jakarsa da kansa.

Duk Asabar nakan je. In bar wayata a shago, in ari motar da ba tawa ba, in tsaya a Gwagwalada in yi kamar ina cinikin taya har in tabbata ba mai bi na. Ko matata doya na ce mata nake nema. Har ta ce doyar nan da ba ta zuwa gida sai ƙura, Allah ya sa ba mai ɗankwali ba ce. Na bar ta da zarginta, don ya fi min sauƙi.

A mako na uku mutanen suka zo Apo. Su biyu, tsaf-tsaf, da Turanci mai kyau da ladabin da ya wuce kima. Suka sayi filtar man injin mota ba tare da sun taya ba, sannan suka tambaye ni abokina. Na ce rabona da shi tun damina. Suka yi godiya har da rusunawa. Fitarsu ke nan na ga Bakatsine ya jawo musu kujera ya ba su ruwa. Na ce shi ke nan, ɓarawo ya kama kansa. Da suka tafi na same shi na wanke shi tas a gaban jama'a.

"Haba Alhaji," ya ce, "baƙi ne suka tsaya cikin rana. Ruwa na ba su. Zato zunubi ne fa."

"Ko da ya zama gaskiya, na sani," na ce. "Zan ɗauki zunubin."

Muka daina gaisawa, mu da muke cin abinci kwano ɗaya.

Ranar wata Juma'a lauyan ya aiko cewa takarda ta kusa, saura 'yan kwanaki. Washegari na sayi kabeji da tafarnuwa da barkono, don abokina yana haɗa wani tsimi na ƙasarsu da su, na kama hanya ina jin daɗi. Na tarar da Baba a ƙofar gida, ya taso da sauri, bakinsa har kunne.

"Alhaji, albishirinka. Abokinka ta samu 'yan'uwansa."

Ledar kabejin ta yi min nauyi, na ajiye ta a ƙasa.

Ya ba ni labari dalla-dalla, yana murna. Ranar kasuwar Kwali ya kai doya, sai ya ga mutum biyu masu kama da baƙonsa suna nuna wa 'yan kasuwa hoto, kowa yana girgiza kai. Ya leƙa ya gane fuskar. "Na ce musu, ai yana gidana, ciwon gida tana damunsa. Suka ce in kwatanta. Na ce a'a, mu nan ba a nuna wa baƙo hanya da yatsa. Na bar doya wurin maƙwabci, na shiga motarsu na kawo su har ƙofar ɗaki."

"Sai ya bi su?"

"Sun yi magana da yarensu. Suka nuna masa waya, hoton wata yarinya. Sai ya zauna a ƙasa, yana kuka. Murna, Alhaji. Ban taɓa ganin namiji ya yi kukan murna haka ba. Da ya tashi ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya shiga mota. Na sa musu doya a but ɗin motar."

Na tsaya ina kallon dattijon nan da bai taɓa cin amanar kowa ba. Wata guda ina neman maci amana a Apo, alhali kalma biyu da na hana Baba su ne suka buɗe ƙofar. Da na ce masa nemansa ake, da ya bar su suna yawo da hotonsu har kasuwa ta watse. Ba wanda zan ɗora wa laifi sai kaina.

Da ya dubi fuskata, fara'arsa ta ragu. "Ko ban kyauta ba?"

"Ka kyauta, Baba," na ce.

Lambar abokina ba ta sake shiga ba. Har yau ina zuwa Yangoji sayen doya, kuma duk shekara Baba yakan tambaye ni ko mutumin nan ya isa gida lafiya, ko ya warke. Ina ce masa ya warke.