Hancin Jikata da Robar da Kuka Zaga

Na daɗe ban ce komai a nan ba. Tsufa ya sa hannuna rawa, rubutu na yi mini wuya, kuma ba wanda ya tambayi dalilin shiruna. Yau zan yi magana, wanda ransa ya ɓaci matsalarsa ce.

'Yata Hadiza ta zo wankan jego gidana a Paki, ko da yake mahaifiyarta ta rasu. Gidan da ba a jin komai sai tarina ya samu kukan jariri.

Sai mura ta kama jaririyar, Ummi. Hanci ya toshe. Ta kama nono, ta saki, ta yi kuka.

Kakarta ta wajen uba ta zo daga Hunkuyi, ita ma da tata murar. Ta kafa baki a hancin yarinya ta tsotse, sannan ta cusa mata man zafi. Na ce a daina. Ta ce, "Malam, ka taɓa goyo ne? Haka muka raini ubanta."

Washegari haƙarƙarin Ummi na lotsawa in ta ja numfashi.

A asibiti a Ikara aka ɗebi jini, aka sa mata oksijin. Likita ya ce ciwon ya sauka ƙirji. Na zauna kan benci. Na binne matata, ban shirya binne wannan ba.

Ranar sallama nas ta ba mu 'yar roba mai kamar albasa ta zuƙe majina. Dangin uba suka ce ƙwaƙwalwa take zuƙewa, in aka taɓa yarinya da ita za su kwashe uwa da 'ya su bar mini gidana.

Hadiza ta dube su, ta ce, "Baba, riƙe mini kanta."

Da wannan hannun mai rawa na riƙe. Hadiza ta sa mata robar, majina ta fito. Ummi ta sha nono har barci ya ɗauke ta.

Na gode wa Allah, na gode wa nas ɗin nan. Ku da kuka bi bayan gidana ba ko sannu, ku riƙe barkarku.

Masu jarirai: ku ɗiga ruwan gishirin asibiti a hanci tukuna. Ku matse robar kafin ta shiga hanci, ku saki a hankali, ku wanke da sabulu. Kada mai mura ya kai bakinsa. In ƙirji na lotsawa, ku tafi asibiti.

Dangin uban sun koma Hunkuyi su kaɗai. Ummi tana nan, yanzu haka kukanta nake ji, da hancinta a buɗe.