Bakan Kawu a Ramin Marina

Na yi yawon duniya gwargwadon yadda Allah ya nufa, na ga abubuwan takaici a ƙasashe da dama, yawancinsu kuma sun fita daga raina. Amma abin da aka yi wa wani baka da na sassaƙa da hannuna a Haɗeja, wannan kam ba na jin zan manta da shi har in koma ga Mahaliccina. Yau fiye da shekara talatin ke nan, amma kamar jiya aka yi.

A tsakiyar shekarun 1980, lokacin muna cikin Jihar Kano, aka tura ni Kanada kwas a kan noman rani. Na sauka a gidan wani tsoho mai jin Faransanci, wanda ba shi da aiki sai sassaƙa baka a bayan gidansa. Ɗan Faransancin da na tsinta a Damagaram ne ya haɗa mu. Tsohon ne ya nuna mini icen da suke kira mapul, wanda ganyensa ke jikin tutarsu. Yawancinsa fari ne sumul, amma jefi-jefi akan sami wanda Allah ya yi wa zane a cikin tsokarsa, layi-layi kamar fuskar kogi in iska ta shafe shi. Zanen ba ya fitowa sosai sai an rina, kuma rinin nasa daban ne. Shafawa ake yi sama-sama da tsumma, a bari ya bushe, sannan a goge da samfefa. Inda icen yake da taushi ya riƙe launi, inda yake da tauri ya koma fari. A maimaita sau uku ko huɗu, a ƙarshe a shafa mai. Sai ka ga zanen yana motsi in ka juya icen, kamar da rai.

Da na leƙa kwalbar rinin tsohon sai na yi dariya, don tsatsar ƙarfe ce da ruwan ɓawon itace. Na ce masa dukawan garinmu sun daɗe da sanin wannan, da kuloko, wato ruwan tsatsar ƙarfe, da bagaruwa suke baƙanta fata. Da zan dawo ya ba ni gungume ɗaya, tsawonsa ya kai ƙirjina. Wahalar da na sha da shi a filin jirgi kuwa, labari ne na wata rana.

Ina da dalilin ɗauko shi. Kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ne Sarkin Baka na ƙauyenmu a fadamar Auyo. Damunar da ta wuce ambaliya ta ci ɗakinsa, ta tafi da bakansa na icen dargaza da ya gada. A al'adar maharban wurinmu, Sarkin Baka ba ya jan fitar farauta da bakan aro. In ba shi da nasa, sai ya zauna wani ya ja. Kawu kuwa ya tsufa, ƙafa ta fara ƙi, kowa ya san fitar wannan rani ita ce ta ƙarshe gare shi. Wani masassaƙi ya yi tayin yi masa sabo, ya ce a'a, ɗansa ya rubuto cewa yana tafe da ice daga ƙasar Turawa, shi zai jira.

Wata biyu na yi a kan bakan nan, a zauren yayana a Haɗeja. Na sassaƙa, na kankare, na gwada lanƙwasarsa kaɗan-kaɗan. Na je wurin dukawa na samo kuloko da karan dafi mai ba da jan launi, na tsarma su da ruwa sosai, na yi ta shafawa ina gogewa. Ranar da na gama shafi na huɗu, zanen ya fito ja-ja da baƙi-baƙi, tun daga wannan kai har wancan. Na ga bakuna a Masar, na gani a hannun Fulanin Adamawa, ban ga mai kyansa ba. Mai kawai ya rage in shafa. Sai aka kira ni Kano aiki na kwana shida. Na rataye shi a inuwa, na ce wa Yaya, "A bar shi ya sha iska, kada a taɓa."

Da na dawo ban ga baka a zaure ba. Yaya na zaune a tabarma yana murmushi irin na wanda ya yi abin kirki.

"Ɗan boko, ka dawo? Zauna ka ga gyaran da na yi maka."

Ya sa hannu bayan ƙofa ya jawo wani abu baƙi wuluk mai shuɗi-shuɗi, ya karkace kamar ƙahon rago. Sai da na ga mariƙin sannan na gane nawa ne.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Bakan Kawu mana. Kai ka yi rini dabbare-dabbare kamar jikin kura, nan ya kama, can bai kama ba. Haka za ka miƙa wa Sarkin Baka a gaban jama'a? A ce gidanmu ba mu san rini ba? Na kai shi marina."

Wallahi na buɗe baki da harsuna biyar a kaina, ko ɗaya bai ba ni kalmar da zan faɗa wa yayana ba tare da na yi saɓo ba. Na ɗauki bakan na nufi karofi, wurin ramukan rini, Yaya na biye da ni yana cewa, "Kai matsalarka ba a yi maka gwaninta."

Marinin dattijo ne, hannayensa shuɗaye har gwiwa. Yana ganin bakan ya fara yabon kansa.

"Alhaji, icen nan naka taurin kai gare shi. Sau bakwai ina tsoma shi ina cirewa, layukan nan suna leƙowa. Na ce ni ba a taɓa mayar mini da aiki ba. Sai na ɗaura masa dutse na bar shi a rami kwana uku."

"Kwana uku a ruwan toka? Baba, rawani ne?"

"Rini ai rini ne. Duba ka gani, ko ɗigon fari babu."

Gaskiyarsa, babu. Sannan Yaya ya ƙara da cewa shi ya shanya shi a kan rufin kwano don ya bushe da wuri. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, su biyun nan ba wanda ya yi ha'inci. A wurin marini, rinin da bai game ko'ina ba abin kunya ne, haka ya gada. Amma ice ya tsallako teku, mutum ya yi wata biyu a kansa a gaban idonka, kwana shida ne ba za ka iya jira ka tambaye shi ba?

Na gwada gyara. Na turara shi, na ɗaure shi a jikin azara, ya ɗan miƙe. Na goge da samfefa, shunin ya riga ya shige ciki, ga tsaga siririya ta bi bayansa. Fita saura kwana huɗu. Haka na hau kwalekwale na kai wa Kawu.

Na same shi a gindin tsamiya yana gyaran kibau. Ya karɓa ya juya shi, ya shinshina. Ya ɗaura tsirkiya, ya ja a hankali. Bai kai rabi ba muka ji ƙas! Bakan ya rabu biyu a hannunsa.

Na fara ba shi labari. Ya ɗaga hannu.

"Bari, ɗana. Mai sassaƙa ya iya sassaƙa, mai rini ma ya iya rini. Ni ne dai ba ni da baka."

Ranar fita, yana zaune a ƙofar gida maharba suka zo suka durƙusa suka gaishe shi, wani ya ja su suka shiga daji. Ya bi su da ido har ƙarar gangarsu ta ɓace. Kafin wani ranin ya zagayo, Kawu ya rasu.

Na yi shekara ban taka zauren Yaya ba. Daga baya mun shirya, don zumunci ya fi ƙarfin baka, amma har ya bar duniya yana cewa shi gyara ya yi. Ni ma na san nawa laifin. Na ce kada a taɓa, ban zauna na ce masa layukan nan su ne dukiyar icen ba, don ina ganin ba zai gane ba. Tun daga lokacin, duk aikin da zan bari a hannun wani sai na faɗa masa abin da nake nufi da shi, ko da zai ce na cika surutu. In kuma na ga aikin wani da ya yi mini kamar kuskure, nakan riƙe hannuna in jira mai shi ya dawo.