Sa Hannuna da Rantsuwar Baba Bulus

Ba zan faɗi sunana ba, don iyalina ba su yi wa kowa laifi ba. Abin da nake so ku sani, ku matasan da kuke shigowa ƙasar nan karatu ko neman abinci, shi ne ni ma da kunyata na zo. Ɗan Zariya ne ni. Karatu ya kawo ni Manchester, na gama, na yi aure, zama ya yi tsawo har na samu takardar zama ɗan ƙasa. Na yi shekaru ina gadin wani kanti a Rusholme, a tsaye bakin ƙofa ina kallon bas-bas na Wilmslow Road, kuma ko allura ban taɓa ɗauka ba. A masallacinmu na Longsight, idan wani zai yi tafiya gida, ni yake bar wa makullin ɗakinsa.

Tsayuwar ce ta ishe ni, sai na nemi aiki a wani kamfani da gwamnati ta ba kwangilar jigilar fursunoni, daga ofishin 'yan sanda zuwa kotu, daga kotu zuwa gidan yari. Mu ba 'yan sanda ba ne, ba kuma gandurobobin gwamnati ba. 'Yan kwangila ne, kamar masu kwashe shara. An horar da mu makonni kaɗan, aka miƙo min takardar shaida da farar riga da sarƙar makullai. Daga ranar doka ta yarda in caje mutum, in sa masa ankwa, in kulle shi, kuma abin da na rubuta a kansa ya zama shi ne abin da ya faru. Ni da jiya ake aika ni ɗauko kwandon kanti! Har hoto na ɗauka na tura gida, don tsabar rashin hankali.

Motar fara ce, a cikinta ƙananan ɗakuna jere, kowanne bai fi banɗakin jirgi ba, da kujerar roba da 'yar taga mai duhu. Wari kuwa ba a magana, gumi ne da amai da maganin wanke ƙasa. Kayan kowane fursuna ana zuba su a jakar leda, a ɗaure bakinta da wani ɗan hatimin roba mai lamba, a rubuta lambar da jerin kayan a takarda. Akwai kuma takardar tafiya, inda ake so mu rubuta duk sanda muka leƙa mutum ko muka ba shi ruwa.

Wanda ya koya min aiki wani Bature ne da nake kira Dogo. A makon farko ya nuna min yadda ake cike takardar tafiya gaba ɗaya a bakin ƙofar gidan yari, a rubuta an leƙa, an ba da ruwa ya ƙi sha, alhali ba wanda ya tashi daga kujera. Ya ce kamfani lokaci yake dubawa, don a kan latti ake cin tararsa, ba a kan ƙishin wani ba. Bayan wata biyu ya buɗe min aljihunsa na ga tarin hatimai sababbi. Idan ka yanke na farko ka ɗaura sabo, ka sake rubuta jerin, to abin da ba ya cikin jerin ba a taɓa yin sa a duniya ba.

Da kwalbar turare na fara. Na ce wa kaina mai ita shekara biyar zai yi, kafin ya fito ta bushe. Daga nan sai abin sauraron waƙa, sai zobe, sai agogo. Akwai wani mai shago a Stockport Road da ba ya tambaya. Ban taɓa kiran kaina ɓarawo ba, tunda ai daga ɓarayi nake ɗauka. Haka nake zuwa Juma'a da turaren fursuna a jikina, ina gaisawa da mutane hannu bibbiyu.

Wata Talata da hantsi, a ɗakunan tsare mutane na ƙarƙashin kotu, aka ba mu mutum huɗu mu kai wani gidan yari a wajen Birmingham, don na kusa sun cika. Kafin a fito da su na riga na bi jakunkunansu. A ɗaya na samu agogo da walat ta fata mai kyau, na zura su a cikin rigar sanyina, na ɗaura sabon hatimi, na sake jeri. Ko sunan mai jakar ban karanta da kyau ba.

Da na zo sa masa ankwa sai na ga dattijo ne baƙi, ya haura hamsin, da furfura a gemu. Ƙarfen ya matse masa hannu, ya ce, "Wayyo Allah." Ban san sanda bakina ya ce masa sannu ba.

Ya ɗago ya dube ni. "Kana jin Hausa, ɗana?"

Na ce ina ji, Baba.

Sunansa Bulus, mutumin Kafanchan, direban tasi ne. Wani fasinja da ya sha ya bugu ya ƙi biya, ya kai masa duka, ya zame ya fasa kai a gefen titi, sannan ya ce direba ne ya buge shi. An hana Baba Bulus beli don suna tsoron zai gudu Nijeriya. Duk wannan a cikin mota ya faɗa min, ta 'yar kafar ƙofar ɗakinsa, muna kan babbar hanya, Dogo yana tuƙi yana jin rediyo.

Sai ya rage murya. Ya ce akwai kyamara a motarsa, ta ɗauki komai. Da ya ga 'yan sanda sun taho, ya zare ɗan katin da hoton yake ciki ya soke shi a walat, bayan lasisinsa. Bai ba su ba, don shi a saninsa ba a ba ɗan sanda shaida, ɓata take yi. Lauyan da aka ba shi kuma minti biyar ya yi da shi yana duba agogo, bai yarda da shi ba. Jira yake ya ga nasa.

"Ga shi Allah ya kawo ka," in ji shi. "Rahila 'yata tana Ardwick, tana karatu a jami'a. Ka faɗa mata katin yana walat, ta sa lauyana ya karɓo. Amana na ba ka, ɗana."

Na ce, "Kada ka damu, Baba. An gama."

Walat ɗin tana jikin haƙarƙarina sanda nake wannan maganar. Ya faɗa min lambar gidan sau biyu, na maimaita. Can da na leƙa, sai na ga ya jingina kai da bango yana barci.

Na yi tunanin abin, kada ku ce ban yi ba. Takardar da na sa wa hannu ta ce babu walat. Idan na mayar, sai na bayyana yadda ta fita. Idan na kai wa yarinyar katin, lauya zai tambaya ina ta samu, kuma hanyar ɗaya ce, ta kaina za ta bi. Muka sauke su, muka juyo. Da muka tsaya shan shayi a wurin hutawar matafiya, na buɗe walat ɗin, ga katin nan ɗan mitsitsi kamar farce. Na jefa shi a kwandon shara tare da kofin shayina, na koma mota na ci biskit.

Bayan makonni manajanmu ya kira ni, ya ce wani lauya ya rubuto yana neman walat. Binciken duka bai kai minti goma ba. Kamfani ya ɗauko takardar kamfani, ya ga sa hannun ma'aikacin kamfani, ya gamsu. Takardar 'yan sanda da ta ambaci walat, aka ce wataƙila su suka yi kuskure, su ma ba su bi ba. Aka ce in rubuta bayani, na rubuta cewa ban ga walat ba, kuma fursunan bai yi min wata magana ba. A kotu Baba Bulus ya rantse da Littafi Mai Tsarki cewa akwai kati. Ga rantsuwar dattijo, ga sa hannuna, aka ɗauki sa hannuna. Wata goma sha takwas aka ba shi. Mu 'yan Arewa a garin nan ba mu da yawa, labari ya zagayo har masallaci, ana ta Allah sarki, ni ma na ce Allah sarki.

Ban daina ba. Shekara guda na ƙara ina yi, sai da na ɗauki agogon wani da aka zana sunan mahaifinsa a baya. Ɗan'uwansa ya gan shi a shagon nan, ya kira 'yan sanda. Da suka zo gidana da rana tsaka, a gaban matata suka zazzage hatiman daga cikin takalmina. Kamfani ya ce ɓata-gari ɗaya ne ya shigo musu, sun kuma kore shi. Dogo yana nan yana tuƙi.

Alƙali ya ce na ci amanar ikon da doka ta ba ni, ya yanke min shekara uku. Aka sauko da ni ta matakalar da na saba saukar da mutane, wata mata mai farar riga ta karɓe tabarauna ta ce za ta sa a jaka. Aka kulle ni a ɗan ɗakin motar nan, gwiwoyina suna dukan ƙofa. Wani ya yi amai a ciki da safe ba a wanke ba. Na buga ƙofa ina neman ruwa, ba wanda ya zo. Da muka isa, ta kafar ƙofa na hango ta tana cike takarda da sauri, na san abin da take rubutawa layi bayan layi. A wurin karɓar baƙi na nemi tabarauna, aka duba jeri aka ce babu tabarau. Na buɗe baki zan rantse, sai na rufe.

Shi ma gidan yarin kamfani ne ke riƙe da shi. Wata uku na yi ina laluben rubutu kafin a yi min wani tabarau. Ranar da na samu, na roƙi limamin da ke zuwa mana ya taimaka min da adireshin lauyan Baba Bulus, na rubuta komai, da walat da kati da kwandon shara. Amsa ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, lauyan ya ce ya gode, amma wanda nake magana a kai ba ya ƙasar. Baƙon da aka ɗaure shekara ɗaya ko fiye, korarsa ake yi, kuma an riga an sa shi a jirgi. Ni ɓarawon ina da takardar ɗan ƙasa, ba mai taɓa ni.

Da na fito, matata ta riga ta koma wurin yayarta da yaran. Lambar gidan nan ta Ardwick kuwa ba ta taɓa fita daga kaina ba. Na je wata Asabar da safe, na ƙwanƙwasa. Rahila ta buɗe, na faɗa mata ko ni wane ne. Ba ta ce in shigo ba. Ta ce wasiƙata tana wurin masu sake duba shari'a, sun ce abin zai ɗauki lokaci, kuma ba kati ba tabbas. Ta ce mahaifinta shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙi a garin nan, yanzu yana zaune a ɗakin ƙaninsa, mutanen coci suna yi masa kallon wanda ya yi zaman kaso a Turai. Sannan ta danna waya ta miƙo min.

"Malam, ba ni za ka faɗa wa ba. Ga shi nan."

Na ji muryarsa, na ji kukan kaji a bayansa. Na ce Baba ni ne, ni ne na motar nan, na zo neman gafara.

"Kwana uku na yi ban runtsa ba a hannun 'yan sanda," in ji shi. "Da ka ce min an gama, ka ga barcin da na yi a motar nan? Ban ƙara yin irinsa ba."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ce in ba Rahila wayar.

Yanzu wankin kwanuka nake yi a wani gidan abinci, ina tuba ga Allah, kuma duk sanda masu duba shari'ar suka kira ni zan je in maimaita da bakina. Ku kuma ga abin da zan ce muku. Aikin gadi da jigila da kula da mutane su ne suka fi saurin samuwa a nan, da yawanku za ku shiga. Za a ba ku riga da makulli da takarda, za ku tarar ba mai dubawa, kuma za ku samu wani Dogo da zai ce haka kowa yake yi. Kada ku ɗauki ko kwalbar turare. Kada ku sa hannu a kan abin da ba ku gani ba, don kotu za ta yarda da ku, ta ƙaryata wanda ya fi ku gaskiya. Idan kuma naku ya ce ya ba ku amana, ko ku kai, ko ku ce masa ba za ku iya ba tun bai yi barci ba.