Dalma a Tsakanin Leɓɓana

Da hantsin wata Laraba ne, ina jera haruffa don takardar tallar wani mai sayar da taki daga Zurmi. Na miƙa hannun dama zan ɗauko harafi daga akwati, sai hannun ya lanƙwashe daga wuyansa ya rataya. Babu zafi ko kaɗan. Na sa hagu na ɗaga shi, na saki, ya sake faɗuwa. Na san wannan faɗuwar hannu. Haka ciwon Babana ya fara, shekara uku kafin rasuwarsa.

Shi ya buɗe shagonmu a Kaura Namoda, kusa da tashar jirgin ƙasa. Da fenti da buroshi yake rubuta allunan shaguna da jikin motoci. Daga baya ya sayo wani tsohon injin ɗab'i a gwanjo, irin wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki, tare da akwatunan haruffan dalma, don ya riƙa buga takardun talla da katin biki da tikitin tashar mota. Da ya rasu, ƙanensa, Baffa, ya karɓi shagon. Baffa gwanin fenti ne amma bokonsa bai yi nisa ba, ni kuma na gama sakandare ina zaune a gida. Sai aka ba ni ɗakin baya da injin.

Haruffan sun tsufa, sun cinye, wasu sun ɓace, kuma an daina sayar da irinsu. Shi ya sa idan na gama wani aiki nakan tsince waɗanda suka yi ƙaranci in maƙale su a leɓe, uku ko huɗu, don kada su shige cikin sauran, hannuwana kuma na ci gaba da aiki. Wurin Baba na gani tun ina ƙarama. Idan tawada ta toshe harafi, da harshe ake lasa a gane ko wane ne. Duk Asabar kuma muna tara waɗanda suka karye mu narka su a gwangwani bisa gawayi, a cikin ɗakin, ƙofa a rufe saboda iska, mu zuba ƴan sandunan da ake raba layi da su. A nan nake cin ƙosaina, yatsuna baƙi ƙirin.

Na leƙa waje. Baffa na durƙushe yana zana allon wani mai gyaran rediyo.

"Baffa, zo ka gani."

Ya shigo yana goge hannu a tsumma. Ya dubi hannun.

"Bisa gare shi kika kwana," in ji shi. "Tahi gida Inna ta gasa miki."

Amma bai dube ni a ido ba.

Inna, mahaifiyata, ba ta gasa komai ba. Tana ganin hannun ta zauna daɓas a ƙofar ɗaki ta fara salati. Ita ta yi jinyar Baba, ita ta riƙa ba shi abinci a baki bayan hannuwansa biyu sun mutu, ita ta danne shi ranar da farfaɗiya ta fara kayar da shi. Mutane sun ce jifa aka yi masa saboda hassadar sana'a. Yanzu ga shi jifan ya biyo ɗiya.

Kwana tara ana ba ni rubutu ina sha, ana turara ni. Cikina kuwa, wanda dama ya yi watanni yana murɗa mini ina ɓoyewa, ya tashi haiƙan. Sai in kwana biyar ban zaga ba. Bakina kullum ɗanɗanon ƙarfe. Ranar da yatsun hagu suka fara nauyi na ce wa Inna ko ta kai ni asibiti ko in tafi da ƙafata.

Likitan da muka samu dattijo ne, ba Bahaushe ba, Hausarsa a karkace. Ya buga gwiwata da ƴar guduma, ya lanƙwasa hannun, sannan ya ce in buɗe baki. Ya ɗaga leɓena ya haska tocila, ya kira nas ta zo ta gani. Ta ba ni madubi. A gindin haƙorana akwai wani siririn layi shuɗi-shuɗi, da ban taɓa lura da shi ba.

"Malama, wane aiki kike yi?"

Na gaya masa. Da na zo kan maƙale haruffa a baki sai ya ajiye bironsa.

"Shekara nawa?"

"Biyu da rabi."

"Babanki fa?"

"Ya fi ashirin."

Ya ce dalma guba ce, tana shiga jini kaɗan-kaɗan, ta taru, ta kashe jijiya, ta ci ƙoda, ta hau ƙwaƙwalwa. Na tambaye shi ko tawa ta kai can. Ya ce bai sani ba tukuna. Ya rubuta takarda ya tura mu babban asibiti a Gusau.

Can aka kwantar da ni. Allurar da ake yi mini tana ƙuna kamar an zuba barkono a tsoka, kuma kullum sai an auna fitsarina a kwalba. Ba na barin Inna ta ba ni abinci a baki. Da hagu nake ci, rabi na zubewa a zane, tana kallo tana haɗiye kuka. Duk sanda kaina ya sara sai in ce shi ke nan, farfaɗiyar ce ta iso, in riƙe ƙarfen gado in jira.

Baffa ya zo a mako na biyu da lemo a leda. Ya zauna bakin gado yana juya hularsa.

"Ɗiyata, likitocin nan hwa suna da ƙarin gishiri. Wanga inji ba ya son lantarki, ba ya son mai. Na Gusau masu sabon inji, in an ɗauke wuta sai su zauna suna hamma, mu muna aiki. Shi ya ciyar da ku."

"Shi ya ci Baba," na ce.

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Inna ta ce, "Ke!" amma ba da ƙarfi ba.

Baffa ya ce, "To a daina sa haruffan baki mana. Sai a yar da inji don wannan?"

"Hayaƙin fa? Wa zai narka dalmar? Wa za ka sa a ɗakin, Baffa? Ɗiyarka?"

Sai ya ce akwai wani a Shinkafi da ya daɗe yana son injin. Na ce in zai sayar masa, ya kawo shi nan tukuna ya ga hannuna. Ya tashi ya tafi bai yi sallama sosai ba. Har yau ban san ko gaskiyata ya gani ko rashin kunyata ba. Na dai ji an rufe ɗakin baya da kwaɗo, injin na ciki, ba a sayar ba, ba a yar ba.

Ranar kwana na ashirin da uku, bayan azahar, likitar ɗakinmu ta zo da takardu. Ta ce in miƙa hannun bisa matashi in gwada ɗaga shi. Na yi, na yi, zufa na keto mini. Ɗan yatsan tsakiya ya motsa, kaɗan, kamar tsawon ƙwayar gero.

"Kin gani? Jijiyar ba ta mutu ba. Ƙodarki lafiya, gubar kuma ta sauka sosai. Zai ɗauki watanni, amma hannun zai dawo. In dai ba ki koma ɗakin injin nan ba, kin tsira."

Inna ta faɗi ta yi sujada a kan simintin asibiti. Ni kuwa na ce wa likitar ta sake faɗa, ta sake. Sannan na tambaye ta ko da an kawo Baba da wuri da ya rayu. Ta dubi takardunta, ta ce, "Wataƙila."