Kawu Ɗanladi da 'Yan Ruwan Ɗumi

Duk wanda ya taɓa shiga ƙaramar majami'armu ta Montreuil, a gefen Paris, ya san tambayar Kawu Ɗanladi. Kafin ma ka ajiye jaka zai tare ka: "A ina aka yi maka baftisma?" Shi a gulbin Maradi aka tsunduma shi, da sanyin safiya, kuma bai taɓa bari mun manta ba. Sababbin masu bi da ake yi wa tasu a nan Faransa, cikin kwamin roba, sunansu a bakinsa 'yan ruwan ɗumi. Ni Bulus ɗan ƙanwarsa ne, shekara ashirin ina ɗaukar masa jaka, na sha jin wannan kalma har ta gundure ni.

Shi ke tada waƙar farko kowace Lahadi, daga tsohon littafinsa da ya rabe gida biyu, ya ɗaure da roba. Muryar nan kuwa, wayyo! Yakan ɗauko ta can sama, mata su bi shi da kyar, maza su yi ta motsa baki. Na daɗe da sa rai wata rana littafin nan nawa ne.

Sai ga Salifu, injiniya ɗan Damagaram, shekara guda da baftismarsa a Lyon, aiki ya kawo shi Paris. Yaro da murya mai daɗi. Ran nan Fasto ya ce Salifu ya tada mana waƙa. Salifu na buɗe baki, Kawu ya miƙe ya tada wata daban! Tsofaffi suka bi Kawu, matasa suka bi Salifu, Fasto ya tsaya yana raba ido.

"Kawu, me ke nan?" na tambaye shi a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

"Taimaka masa na yi. Ko jiƙuwa bai gama yi ba, zai ja mutane?"

Da aka ce za a yi wa Rakiya matar Salifu baftisma a Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon, Kawu ya ce sai ya gani da idonsa. Jirgin ƙasa ya yi tsada, in ji shi, sai muka yi awa bakwai a bas, da dafaffen ƙwai a leda. Mun riga kowa isa garejin da suke taruwa, sai Salifu kaɗai yana jera kujeru. Watan sanyi ne. Kawu ya tsoma yatsa a kwamin, ya yi tsaki.

"Wannan ai shayi ne."

Ya waiga, ya zare wayar da ke ɗumama ruwan, ya koma ya zauna kamar ba shi ba. Abin da bai sani ba, faston Lyon na fama da ciwon baya. Da lokaci ya yi sai ya ce, "Ga dattijo daga Paris, mutumin gulbi. Baba, shigo ka riƙe mini ita."

Jama'a, na ga Kawu ya naɗe wando! Rakiya ta shiga ta fito tana murmushi. Mutumin gulbi kuwa haƙora na kaɗawa, yana cewa, "Wane mara tausayi ya kashe wutar nan?"

Salifu ya ga komai, kuma matarsa aka jefa a sanyi. Duk da haka ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe tsohon, ya durƙusa yana goge masa ƙafa.

Tun daga ranar, komai Salifu. Ƙwai Salifu, hira Salifu, kujerar kusa da shi Salifu. Ba zan ɓoye muku ba, kishi ya ci ni. Ni da aka haifa cikin bangaskiya, ni da na san maganinsa na safe da na yamma! Har ni ma na fara kiran Salifu ɗan ruwan ɗumi, ina kauce masa a bakin ƙofa.

Da ciwo ya kwantar da Kawu a asibiti, ya kira mu tare, ni da Salifu. Ya cire robar littafin, ya miƙa mini rabi, ya miƙa wa Salifu rabi.

"Kawu, rabi?"

"Kishi kake?"

"A wurinka na koya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya faɗi lambar waƙar da yake so ran jana'izarsa, ya ce daga littafin za mu karanta, ban da waya.

Ran jana'izar na buɗe rabina, sai na ga waƙar a shafina na ƙarshe take, baiti biyu kawai. Sauran ukun suna hannun Salifu. Tsohon nan! Dole na tsallaka na tsaya kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Na tada, a baiti na biyu muryata ta karye, Salifu ya ɗauka, har ya ɗaga ta can sama yadda mai ita yake yi.

Ya Ubangiji Yesu, ka ba Kawu hutu a wurinka. Ka wanke mana kishin da ya rage, mu na gulbi da na kwami, ka riƙe mu wuri ɗaya. Amin.